Ƙofar Bayan Ruwa

Ranar wata Asabar da hantsi Hikima ta shigo shagon Fadil a Zongon Kumasi, riƙe da wani tsohon gem na hannu naɗe cikin hankici. Sana'ar Fadil gyaran tsofaffin gem ce, irin waɗanda ake cusa wa kaset, kuma duk unguwar ba wanda ya kai shi iya Ɓera Mai Lema, wasan nan da ɗan ɓera ke tsallake ramuka yana neman hanyar gida. Aibinsa ɗaya ne: ya san ya iya, kuma ba ya barin kowa ya manta.

Yana ɗaga kai ya gan ta, saura kaɗan sukudireba ta suɓuce masa.

"Allon ne ya mutu," ta ce. "Ka lallaɓa shi, ya girme ni. So nake in sake shiga ƙofar bayan ruwa."

"Wace ƙofa?"

"Ta mataki na huɗu na Ɓera Mai Lema mana. Inda ruwa ke zubowa, in ka faɗa ramin za ka gan ta."

Fadil ya tuntsire da dariya. "Sista, ramin nan mutuwa ne! Shekara ashirin ina buga shi a talabijin, babu ƙofa kwraa, ko ɗaya. Wanda ya faɗa miki mafarki ya yi."

Ta ɗaure fuska, ta rubuta masa lambarta saboda gyara, ta fice ba sallama. Sabon allon kuwa sai an aiko shi daga Accra, abin da zai ɗauki makonni. Fadil bai iya jira ba, da la'asar ya tura saƙo:

"Hikima mai ƙofa, ki yafe dariyar. Tun da kika fita na kasa ɗaura ko da ƙusa ɗaya."

Ta amsa: "Injiniya, na yafe dariyar. Ƙofar dai tana nan."

Daga nan aka ɗora. Kullum in ta taso daga aikinta na ɗinki a Bantama, sai ta sauka daga motar haya ta trotro a bakin shagonsa, su sayi waakye, wato shinkafa da wake, su zauna musu. Shi ya ce na talabijin mataki takwas gare shi, ga launi, ga kiɗa mai daɗi, mutum biyu ma suna iya bugawa. Ita ta ce na hannu shida ne kacal, allonsa kore-kore, kiɗansa kamar kukan sauro, amma ba ruwansa da ɗauke wuta, kuma masu yin sa sun ɓoye abin da babu a babban. Da ya so, minti ɗaya ya ishe shi ya bincika a wayarsa. Girman kai ya hana. Soyayya kuwa ta kama su kamar wutar kara, har ya koma kiranta "Hikimata" a gaban kowa.

Da kawunsa ya kai goron gaisuwa gidan su Hikima, sai mahaifinta, Alhaji Brimah, tsohon direban motar goro, ya mayar da goron. Bai faɗi dalili ba. Aka kuma ce Shakiru mai shagon wayoyi a Tafo ya fara zarya gidan da sabuwar mota. Hankalin Fadil ya tashi matuƙa, abinci ma ya daina shiga.

"Don ina gyaran kayan wasa ne?" ya rubuta mata.

"Ba sana'arka ba ce, masoyina," ta amsa. "Ranar farko na koma gida da fushi, na ba da labarin dariyarka. Gem ɗin nan na Baba ne. Shi ya gano ƙofar a hanyar Bawku, yana jiran lodi, shi ya koya mini ina ƙarama. Ya ce ba zai ba da ni ga mai ƙaryata abin da bai gani ba."

Fadil ya dafe kai. Ashe mutumin da ya ce ya yi mafarki surukin da yake nema ne!

Ranar da allon ya iso, yana ɗaura ƙusa ta ƙarshe ke nan sai ga Alhaji Brimah da kansa a bakin shago, Hikima na bayansa tana murza gefen mayafi. Fadil ya zube ƙasa ya gaishe shi.

"Kai ne gwanin?" in ji Alhaji. "To kunna. Kai ni mataki na huɗu."

Ya kunna, allon ya kawo tar. Cikin ɗan lokaci ya isa bakin ruwan, sai yatsansa ya danna tsalle, ɓera ya haye ramin.

"Ka wuce ta," in ji Alhaji. "Koma."

Ya koma, ya sake hayewa. Sau uku ana haka. Shekara ashirin hannunsa ya saba gudun ramin nan, yau ya ƙi jin maganarsa. Maƙwabta suka fara leƙowa. Alhaji ya miƙo hannu zai karɓi kayansa, Fadil ya san in dattijon nan ya juya, Hikima ta tafi ke nan.

Sai ya durƙusa, ya ɗaga gem ɗin da hannu biyu.

"Baba, na yi kuskure. Na talabijin na sani, wannan ban san shi ba, kuma na yi dariya kan abin da ban gani ba. Don Allah ka koya mini."

Alhaji ya tattare babbar rigarsa ya zauna a benci kusa da shi.

"Cire yatsanka daga wajen tsalle. Tafi kawai. In ya faɗa, buɗe lema."

Ɓera ya taka, ya rufta, lema ta buɗe, ya sauka a hankali bayan ruwan. Ga ƙofa nan ƙarama tana ƙyalli.

"Akwai ƙofa!" Fadil ya miƙe yana ihu. "Wallahi akwai ƙofa! Hikima, zo ki gani!"

"Ni zan gani?" ta ce, tana dariya hawaye na zuba. "Tun ina shekara shida nake shiga!"

Shago ya kaure da shewa. Alhaji ya miƙe yana ɓoye murmushi, ya ce, "Ka gaya wa kawunka ya dawo da goron nan Juma'a."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, Zongo ta cika ta batse, har Shakiru ya zo ya ci shinkafa ya yi fatan alheri. Da aka buɗe kayan amarya, a saman atamfofi aka sami gem ɗin naɗe cikin hankicinsa, da sabon batir, da ƴar takarda da rubutun Alhaji: "In matarka ta ce akwai ƙofa, ka je ka duba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari."

Fadil ya karanta wa amaryarsa a bayyane, suka haɗa baki suka ce amin.