Abin Da Ya Amsa A Fadamar Challawa

Bayan la'asar sakaliya Muhyiddeen ya ajiye motarsa a gindin katangar wani kamfanin fata da ke Challawa, ya rataya jakar na'urarsa ta ɗaukar sauti. Marubuci ne, kuma tsuntsaye ne sana'arsa. Shekara talatin yana bin su ƙasa ƙasa, daga tafkunan Habasha har dazukan Indiya, bai tara mata ba, bai tara 'ya'ya ba, sai kaset da littattafai. Babi ɗaya ya rage masa a littafinsa na ƙarshe, babin ƙauyen da aka haife shi. Ƙauyen kuwa tuni aka tashe shi, aka gina wannan kamfanin a kansa.

Abin da ya zo nema kukan gauraka ne, wanda yake ji yana yaro in ya bi mahaifiyarsa ɗiban ruwa. Ita ta rasu yana can wata uwa duniya, ko jana'iza bai samu ba. Muryarta ma ta fara dusashewa a kansa, kuma wannan ya fi komai ci masa rai.

Maigadin, wani dattijo mutumin Maraɗi mai suna Sule, ya dube shi sama da ƙasa.

"Malam, gauraka a nan? Ai ko kwaɗo ya yi hijira. Ku dai fito kafin a kira salla."

Muhyiddeen ya yi masa irin murmushin wanda ya ga duniya, ya bi ta bayan katanga.

Fadamar ta mutu. Baƙin ruwa ne ke gangarowa daga bututu, yana kumfa, ga warin jima mai hawa kai. Ya zauna a kan wani kututture ya kasa kunne. Babu komai sai gurnanin injin daga nesa.

Sai ya yi abin da ya saba yi a ƙasashen mutane. In tsuntsu ya ƙi fitowa, akan kunna masa kukan ɗan'uwansa. Yana da na gauraka, wanda ya ɗauko a bakin wani tafki a Chadi. Ya sani sarai tun yana ƙarami ana hana su kwaikwayon kukan tsuntsu da almuru, don ba a san mai amsawa ba. Amma ya yi wannan aikin a ƙasa goma sha, ko ciwon kai bai taɓa yi ba. Ya danna.

Kukan ya fita, ya bi ruwa, ya ɓace.

Injin kamfanin ya ɗauke.

Warin ma ya ɗauke. A madadinsa ƙamshin danyar ciyawa ya taso, da hayaƙin kara.

Daga cikin ciyawar kacalar da ke tsallake, gauraka ya amsa. Wani ya karɓa. Sai ga kurciya, ga balbela, ga sautin taɓarya a turmi, luguden mata biyu. Wani jaki ya yi kuka daidai inda gidansu yake a da.

Ya duba na'urar. Allurar da ke nuna shigar sauti ko motsi ba ta yi.

"Muhyiddeen."

Muryar mahaifiyarsa ce, har da 'yar shaƙewar nan tata ta mai yawan hura wuta.

Amma shi ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, saboda kunya. "Kai, yaron nan" take cewa, har ya yi gemu.

Ya gane ba ita ba ce.

"Muhyiddeen. Taho mana."

Ya miƙe. Ya sa ƙafa a ruwan. Sanyi ƙalau, har gwiwa. Kacalar ta dare biyu, babu iska. A tsakiya wani abu dogo yana tsaye da ƙafa ɗaya, wuyansa a lanƙwashe, yana jira.

Ya ƙara taku.

Aka fizgo rigarsa ta baya. Sule ne, yana karanto Ayatul Kursiyyu da ƙarfi.

"Kada ku amsa," ya raɗa masa. "Don Allah kada ku waiwaya."

Suka faɗi a taɓo. Warin ya dawo, injin ya ci gaba da gurnani, can a Zawaciki ladan ya ɗaga murya.

Ƙafafunsa sun yi wata guda suna saɓa. Wannan ya warke. Abin da bai warke ba kunnensa ne. Likita ya ce lafiyarsa ƙalau, kuma gaskiya ne, yana jin mota, yana jin mutane, yana jin rediyo. Tsuntsu ne kawai ba ya ji. Sai ya ga kurciya a kan katanga maƙogwaronta na motsi, shiru. Kaset ɗinsa na shekara talatin duk sun zama iska a wurinsa. Babin bai rubutu ba.

Sule ya rantse ba zai sake barinsa ya wuce katangar ba, ya kuma cika alkawari. Duk da haka, kullum rana ta yi ja, ma'aikatan da ke tashi daga aiki sukan ga wata tsohuwar mota a bakin titi, gilas a sauke, mai ita ya jingina kai yana saurare.

Ran nan Sule ya leƙa ta tagar.

"Malam, kun fa san ba mahaifiyarku ba ce."

"Na sani," in ji Muhyiddeen. "Amma shekarata hamsin da takwas, sau biyun nan kaɗai na taɓa jin sunana a bakinta."