Malamar Liora

Ranar da wani mutum mai suna Gidon Halfon ya fara ganin Malama Tirza, da faɗa ya zo. Ya hau tudun makarantar Yahudawa ta Hong Kong yana haki, ya tarar da 'yarsa Liora, mai shekara huɗu, hannu dumu-dumu cikin ƙullin kitsattsen burodin da suke ci ranar Asabar.

Ya ce shi ba gidan burodi ya kawo ta ba. 'Ya'yan abokansa sun iya baƙaƙen Ibrananci har da na Sinanci, tasa ko harafin farko ba ta sani ba.

Tirza ta dube shi sama da ƙasa. "Yarinyar da ba ta ce uffan ba tun rasuwar uwarta kake so ta yi maka karatu? Ka zauna ka murza ƙulli, ko ka ba mu wuri."

Ya fita ya buga ƙofa. Da la'asar saƙonsa ya shigo wayarta: "Ba ki da ladabi."

"Kai kuma ba ka da haƙuri. Juma'a ƙarfe tara, ka zo da hannu a wanke."

Ya zo ne don ya kama ta da laifi. Mako shida yana tsugune a kujerar yara, suna jifan juna da baƙar magana. A Juma'a ta bakwai Liora ta janye hannunsa ta ce, "Abba, ba haka ake kitsa shi ba."

Gidon ya juya ya fuskanci taga. Tirza ta miƙa masa hankici ba tare da ta kalle shi ba. Daga nan aka fara rakiya zuwa jirgin fito, yana ce mata Masifaffiyata, tana ce masa Sarkin Ƙorafi.

Labari ya kai kunnen Madam Perla, uwar marigayiyar, wadda ke cikin kwamitin makarantar. Ta kai ƙara aka kira Tirza, ta ce a gaban kowa wai da marainiya ta yi tarko ta kama uba. Izinin zaman Tirza a garin kuwa da aikin yake ɗaure. Gidon yana wurin, nauyin surukarsa ya hana shi buɗe baki.

"Ka zauna kamar gunki ana cin mutuncina," Tirza ta rubuta masa. "Garinmu Haifa zan koma. Kada ka sake kirana."

Washegari Gidon ya sami Madam Perla a gida, ya ce bai manta da 'yarta ba, amma Tirza zai aura. Tsohuwar ta zage shi tas, sannan ta fashe da kuka. Ashe tsoronta kada jikarta ta kira wata mace uwa.

Da ƙyar Tirza ta saurare shi. Da ta ji dalilin, ta tafi wurin tsohuwar da ƙafarta.

"Kaka, uwar Liora ɗaya ce, ba kuma zan bari ta manta sunanta ba. Amma kin zalunce ni."

Madam Perla ba ta ba da haƙuri ba. Ta dai janye ƙarar.

Bayan Idin Ƙetarewa na Yahudawa aka ɗaura auren a ƙarƙashin rumfa. Bisa al'adarsu, Gidon ya taka kofin gilashi ya fashe, jama'a suka kaure da guɗa. Madam Perla ta matso fuska a ɗaure, ta ɗora hannu a kan amarya.

"Ubangiji ya albarkace ku, ya tsare ku, ya ba ku zaman lafiya," in ji ta. "Tsaya da kyau, 'yar nan, mayafinki ya karkace."