Jan Zare da Shuɗin Zare

Ranar da keken ɗinkin Auta ya fara tsallake ɗinki ta fara ganin Bakanike, mai gyaran kekunan ɗinki. Ya yi sallama da akwatin kayan aiki a hannu, bai ko kalli keken ba. Jakar makaranta ya ɗauka daga cikin waɗanda take ɗinkawa, ya juya cikinta waje, ya bi ɗinkin da babban yatsa.

"Malam, keke aka kira ka ka duba," in ji ta. "Jakar lafiyarta ƙalau."

"Ai a jikin jaka keke yake faɗin ciwonsa," ya ce da murmushi. "Wa ya koya miki ɗinka hannun jaka haka?"

Ta karɓe jakarta, don wannan hannun shi ne jarinta. A shekararta ta ƙarshe a sakandare aka kawo musu darasin sana'a da kasuwanci, irin darasin da iyaye ke ɗauka cika jadawali ne kawai. Malamar, wadda ɗalibai suka laƙaba wa Gwada-ki-gani, ta tura su ƙofar firamare su tambayi iyaye abin da ke fara lalacewa a jakar yara. Kowa ya ce hannu. Wata uku Auta ta yi tana cika jaka da duwatsu tana rataye ta a ƙusa, har ta samo ɗinkin da ba ya yagewa. Shekara huɗu ke nan tana cin abinci da shi.

Keke ya gyaru, amma Bakanike bai daina zuwa ba. Yau ya zo sa mai, jibi ya zo jin ko man ya shiga. Daga nan sai saƙo a waya.

"Barka da yamma, Allurata. Keken bai yi tari ba yau?"

"Lafiyarsa lau. Kai ne dai naka tarin ya yi yawa."

"To ki ba ni rana in zo a duba ni."

Ta yi dariya ita kaɗai, sannan ta haɗe rai kamar wayar na kallonta.

Ana cikin haka ta ƙirƙiro sabuwar jaka mai rufi biyu, tana jiran komawar makarantu ta fitar da ita. Guda ɗaya tak ta ɗinka, da rana tana shago, da yamma ta tafi da ita gida. Saura mako ɗaya a koma makaranta sai ga irinta sak a rataye a shagon Babban Tela, mai kekuna shida a ƙarshen layi. Kuma kowa ya san wanda ke gyara masa kekunan.

Baba bai jira an tambaye shi ba. Tsohon ma'aikacin ofis ne, har yau bai yafe wa Auta ƙin neman aikin kujera da fanka ba.

"Na faɗa miki," ya ce. "Mutumin da ke shiga kowane shago yana leƙa sirrin kowa, shi kike so in ba wa? Ba da bakina ba."

An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Sai dai masu faɗin haka ba su faɗi yadda mutum zai yi da shi ba in ya riga ya shige zuciya ya shimfiɗa tabarma. Auta ta tuna yadda ya juya jakarta tun ranar farko, ta tuna yawan tambayarsa. Har murmushin nan nasa ya fara yi mata kama da kayan aiki.

Sai ta yi abin da aka koya mata. Ta ɗinka jaka biyu masu aljihun gorar ruwa. Ɗaya da jan zare, aljihu a gefe. Ɗaya da shuɗin zare, aljihu a gaba. Jar ta miƙa wa Bakanike da hannunta, ta bar shi ya juya ta son ransa, yana fita ta kulle ta a durowa. Shuɗiyar kuwa ta rataye ta a bayan ƙofar falon gidansu. Ba don tana zargin kowa a gida ba. Malama ce ta sha faɗa musu cewa gwajin da ba shi da abokin kwatance ba gwaji ba ne.

Daga nan ta ɗauke masa wuta.

"Allurata, kwana tara ba amsa. In laifi na yi, ki faɗa mini sunansa."

"Aiki ne ya yi yawa."

"Da ma aikin bai taɓa yin kaɗan ba. Allah ya huci zuciyarki."

Kullum ta wuce ta gaban shagon Babban Tela sai ta yi ta roƙon kada ta ga aljihu a gefe. A rana ta goma sha biyu ta ga sababbin jakunkuna an jera. Aljihu a gaba. Har shuɗin zaren bai bari ba.

Ta wuce gida kai tsaye. Shuɗiyar jakar tana nan, amma ba a ƙusar da ta bar ta ba.

"Umma, wa ke taɓa jakar nan?"

Umma ta ajiye tsintsiya. "Wa kuwa? Babanki mana. In kin bar sabuwa a gida sai ya saɓa ta ya tafi benci wajen Babban Tela. Ai abokin hirarsa ne."

Baba ya fito daga ɗaki yana gyaran murya, yana kallon silin.

"Nuna masa kawai na yi," ya ce. "Cewa ya yi ɗinkinki na 'yan koyo ne. Na ce ga shi, ka juya cikinsa ka gani in kai ka iya."

"Baba, ai ya juya."

Tsohon ya zauna a hankali. Shekara huɗu yana raina keken nan a gida, ashe a waje ba shi da zance sai shi.

Washegari ta iske Bakanike a ɗan shagonsa, ya wargaza wani tsohon keke a kan tebur. Ta ajiye jar jakar a gabansa, ta faɗa masa komai, ba ta rage ba.

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Na ga Baba a can sau biyu," ya ce.

"Ka gani, ka yi shiru?"

"In ce miki me? Mahaifinki ne, kuma yabonki yake yi har wuyansa na kumbura. Gara ki zarge ni." Ya ɗaga jakar ta hannu. "Ashe wannan tarko ce. Duwatsu nawa kika rataya mini, Allura?"

"Kwana goma sha biyu."

"Jaka in an rataya mata dutse ba ta jin ciwo. Ni na ji."

Wannan kam babu shi a darasin Malama. Auta ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a kan jan zaren.

"Ka yafe mini. Da tambayarka na yi."

"Da kin tambaya, da ban faɗa ba," ya ce, sai dariya ta ƙwace masa. "Ni ma da nawa laifin. Jakar dai na riƙe, ta zama tawa."

Baba ne da kansa ya aika a kira shi. Ya ce mutumin da ya iya rufa wa tsoho asiri zai iya riƙe 'yarsa, sannan ya roƙi kada a ƙara tayar da zancen benci.

Ranar ɗaurin aure Malama Gwada-ki-gani ta zo da sandarta, ta ja amarya gefe.

"Kin gwada shi?"

"Na gwada, Malama. Saura kaɗan in yaga."

"Amma ya riƙe?"

Auta ta hango angonta yana taimaka wa Baba hawa matakala.

"Ya riƙe."

"To ki sauke duwatsun haka nan," in ji tsohuwar, ta dafa kanta. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa albarka a gidan da shagon, ya tsare ku daga zato."