Tabon Alƙaliya

Ranar da ya fara ganinta, ba gaisuwa ce ta kawo ta shagonsa ba, ƙorafi ne.

Yana durƙushe yana wanke burushi a gwangwanin kananzir sai wata inuwa ta tare masa hasken ƙofa. Ya ɗago. Budurwa ce doguwa, sanye da farar rigar masu aiki a kantin magani, ta rungumo hoton da ya gama zanawa a makon jiya. Ta jingina shi da bango, ta ce a yi haƙuri, wannan mutumin ba mahaifinta ba ne.

Duk layin an san shi da Gyara Fuska. Sana'arsa ke nan: a turo masa hoton mutum a waya, ya zana shi da fenti, ya rage tumbi, ya cike sanƙo, ya share tamoji. Mai studiyon ɗaukar hoto da ke maƙwabtaka da shi ne ke turo masa yawancin masu ciniki, kuma shi ya ɗora shi a kan ƙa'idar cewa ba wanda ke biyan kuɗi don a nuna masa abin da madubi ke nuna masa kyauta. Hannun saurayin ya ƙware, ciniki kuma yana tafiya. Amma bai taɓa sa sunansa a ƙasan hoto ko ɗaya ba. In an tambaye shi ya ce mantuwa ce. Ba mantuwa ba ce, kunya ce.

Budurwar ta yi masa bayani a natse. Mahaifinta mai walda ne. Idonsa na hagu ya ɗan kanne saboda shekarun da ya yi yana kallon wuta, goshinsa duk ƙananan ƙuna ne. Shi kuwa wannan na jikin hoton, in ji ta, kamar manajan banki ne da bai taɓa shiga rana ba.

"Babana nake so," ta ce. "Da idonsa da komai."

Ya buɗe baki zai kare kansa, sai idonsa ya faɗa kan wani tabo da ya taso daga ƙarƙashin kunnenta na hagu ya gangaro gefen haɓa. Ba ta ja mayafi ta rufe shi ba, ba ta kuma karkatar da fuska ba, yadda masu tabo kan yi in suka ga ana kallo. Rabon da ya ji hannunsa na ƙaiƙayin zana abu yadda Allah ya yi shi, har ya manta.

Ya nemi lambarta, wai don ta turo masa wasu hotunan. Ta ba shi tana murmushin wadda ta gane dabarar.

Ya mayar wa tsohon da idonsa, ya mayar masa da ƙunarsa, har da taurin bakin nan na mutumin da ba ya son raini. Da ya tura mata hoton aikin, amsa ta zo nan take:

"Yauwa, wannan shi ne mai yi mini faɗa. An wanke ka, Malam Burushi. Kotu ta tashi."

Ya rubuta mata: "Na gode, Alƙaliya. Amma ina neman a sake zama, ina da wata ƙarar."

Daga nan sunayen suka bi su. Takan biyo ta shagon in ta tashi aiki, ta zauna a kan bencin da fenti ya cinye, ta yi ta tsokanarsa cewa ya ba wata hajiya wuyan da ba nata ba. A nan ta gaya masa labarin tabon. Tana ƙarama ta kutsa wurin aikin Baba, ta faɗa kan ƙarfen da bai huce ba. Ita ta daɗe da yafe wa ƙarfen, amma Baba har yau bai yafe wa kansa ba. In za su zauna tare, a damanta yake zama, don kada idonsa ya sauka a wurin.

Shi ma ya buɗe mata nasa. A bayan shagon akwai labule, bayan labulen akwai zane-zanen da yake yi wa kansa: mai sayar da lemo da barci ya sace a tashar mota, ƙafafun mai gyaran takalmi, tsohuwar da ke ƙirga canji da leɓe. Ba wanda ya taɓa ganinsu. Ta daɗe tana kallo, ba tsokana ko ɗaya.

"To ga mai zane a nan," ta ce a hankali. "Wancan na waje kuma wane ne?"

Ranar ya kwana da tambayar.

Da magana ta yi ƙarfi a tsakaninsu, ya sa rigarsa mafi kyau ya je gaida Baba a wurin aikinsa. Tsohon ya ɗage gilashin walda, ya amsa gaisuwa ba yabo ba fallasa, sannan ya sa aka ɗauko hoton nan nasa daga cikin gida. Ya duba gaba, ya juya baya, ya bi kusurwoyi da yatsa. Ya tambayi inda sunan mai aikin yake.

Saurayin ya fara kame-kame. Baba ya kama hannunsa ya kai shi gaban wata ƙofar ƙarfe da aka jingine, ya nuna masa ɗigo uku da aka yi da wutar walda a ƙarƙashin hinjin da ƙofar ke juyawa a kai. Ya ce tun yana yaron shago, ba ƙofar da ta bar hannunsa ba tare da wannan alamar ba, don in ta ɓalle a san wanda za a zaga.

"Yaro, ba ni da faɗa da sana'arka," in ji shi. "Amma wanda ke jin kunyar aikin hannunsa, ban ga yadda zan ba shi 'yata ya tsaya mata ba."

Ya ja gilashinsa ya koma kan ƙarfe. Ganawar ta ƙare ke nan.

Abin da ya ƙara wa saurayin zafi shi ne, mai studiyo ma ya fara sintiri a gidan su budurwar yana neman aurenta, da mota, da turare, da sunansa rubuce ɓaro-ɓaro a saman shagonsa. Mahaifiyar yarinyar har ta fara cewa ai yaron nan yana da ladabi.

Sai Malam Burushi ya ƙudura zai zana Alƙaliyarsa da duk abin da Allah ya ba hannunsa. Bai nemi hoto ba, daga zuciya ya yi. Ya kama yadda take ɗage haɓa in za ta yanke hukunci, da dariyar da ke fara fitowa ta ido kafin baki. Tabon kuwa ya fi ko'ina cin lokacinsa, ya bi shi da ƙaramin burushi kamar mai rubutu.

Ana gobe zai ba ta, mai studiyo ya leƙo, ya tsaya yana kaɗa makullin mota. Ya yaba aikin, sannan ya ce cikin muryar mai ba da shawara, mace ce fa, kuma kyauta ce, wace mace za a ba kyautar tabonta ta yi murna?

In da saurayin ya yarda da idonsa, da ya yi dariya ya wuce. Amma shekaru yana gyara fuskokin mutane sun koya masa cewa abin da ya gani ba shi da daraja sai an rufe shi. Tsoro ya kama shi. Ya haɗa launin fata, ya shafe wurin sumul.

Washegari ta zo, ya yaye ƙyallen da ya rufe hoton. Ta kalla. Hannunta ya tafi gefen haɓarta, abin da bai taɓa ganin ta yi ba. Mai studiyo, wanda ya tabbatar yana kusa, ya ce ai ka ga yadda ya kamata a ce take.

Ba ta yi faɗa ba. Ta gyara mayafinta ta rufe wurin, ta yi sallama ta fita. Da yamma saƙo ya shigo:

"Wadda ka zana kyakkyawa ce ƙwarai. Ka nemo ta ka aura. Ni ban san ta ba."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya tura ban haƙuri kala-kala, shiru. Ya yi baƙin cikin da bai taɓa yi ba, don ya san ba mai studiyo ne ya riƙe burushin ba.

Wata safiya ya buɗe shago, ya tsaya yana kallon manajoji da hajiyoyin da ya ƙera a bango, ya ji duk sun ishe shi. Ya kama labulen baya ya fizge. Ya fito da mai lemo, da ƙafafun mai takalmi, da tsohuwa mai canji, ya jera su a bakin ƙofa inda rana ke dukansu. Ya leƙa studiyo ya ce daga yau ya daina gyaran fuska, duk mai son a rage masa tumbi ya je ya rage abinci.

Masu ciniki suka ragu, ba ƙarya. Wata hajiya ma ta ce an yi masa asiri. Amma mai gyaran takalmi ya zo ya tsaya gaban ƙafafunsa, ya tafi ya dawo da matarsa ta gani. Mutane suka fara tsayawa, ana nuna hoton mai lemo ana cewa wallahi ita ce, ga ta can tana gyangyaɗi. Saurayin ya ga kansa yana fitowa bakin ƙofa yana cewa shi ya zana, kuma maganar ba ta maƙale masa a wuya ba.

Sannan ya ɗauko hoton Alƙaliya. Ya jiƙa auduga da tafintin mai narkar da fenti, ya riƙa goge wurin da ya shafe a hankali. Fentin ƙarya ya narke. Tabon na nan a ƙasa, yadda ya zana shi tun farko. Ya tsoma ƙaramin burushi a baƙin fenti, ya rubuta cikakken sunansa a kusurwar dama, da na mahaifinsa.

Ya tura mata saƙo ɗaya:

"Alƙaliya, na aikata laifin, ba na musu. Tsoro ne, ba ƙi ba. Gobe zan kai shaida wurin Baba. In kin ga dama ki zo ki yanke hukunci."

Ta zo, amma ta tsaya daga bakin ƙofar gida, hannu a harɗe. Shi kuwa ya ajiye hoton a kan teburin ƙarfe, gaban Baba, ya ce ga aikinsa, ga sunansa, in ya ɓalle a san wanda za a zaga.

Baba ya fara duba kusurwa, ya gyaɗa kai. Sannan idonsa ya hau sama, ya kai gefen haɓa, ya tsaya. Kowa ya zaci zai kawar da kai yadda ya saba. Bai kawar ba. Yarinyar da ke cikin hoton ta ɗage haɓa, tabon ya fito fili, kuma ko maƙiyi ya kalle ta ya san ba abin da aka rage mata. Tsohon ya goge hannunsa a riga, ya kai yatsa kusa da wurin, bai taɓa ba. Hawaye ya zubo daga idon nan da ya kanne.

"Auta," ya kira ta. "Zo in gan ki."

Ta matso. Ya kama haɓarta da hannunsa mai kanta, ya juyo da gefen hagu wajen haske, ya kalla son ransa. Ita ma ta kasa riƙe nata hawayen. Da ta samu numfashi ta dubi saurayin ta gefen ido, ta ce an rage masa hukunci, ɗaurin rai da rai ne a hannunta.

Baba ya share fuska, ya ce wa saurayin ya turo magabatansa.

Mai studiyo ya ɗauki hotunan bikin, don kasuwa daban, zuciya daban, kuma amarya ta gargaɗe shi cewa in ya goge mata ko ƙwayar ƙurji ba za a biya shi ba. Sunan Gyara Fuska ya mutu a layin. Yanzu Mai Zane ake ce masa, kuma yana amsawa tun kafin a rufe baki.

Ranar da aka ɗaura aure, Baba ya kawo tasa kyautar da kansa. Firam ne na ƙarfe da ya ƙera wa hoton, a kusurwar dama kuma, daidai ƙarƙashin sunan surukinsa, ga ɗigo uku.

Ya sa musu albarka, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu ɗaga kai, Allah ya sa kada ɗayansu ya taɓa jin kunyar ɗaya. Aka shafa. Sannan ya ja kujera, ya zagaya, ya zauna a hagun 'yarsa.