Nailan a Ƙarƙashin Fata

Ranar Talata ta biyu a watan Oktoba, Darcy Amaral ya shiga shagon gyaran agogo na Skevos da jaka cike da maɗauran nailan. Cikin minti huɗu aka kore shi. Ya fito da jakarsa yadda ya shiga da ita, da ƙarin son 'yar mai shagon.

Lokacin birnin Darwin ya shiga watanninsa na hauka, kullum sama ta haɗa hadari ta ƙi zubarwa, mutum ya fito daga wanka yana gumi. A irin wannan zafi maɗaurin fata wata uku yake yi ya fara warin mushe, na nailan kuwa sai a wanke da sabulu a shanya. Shekara biyu Darcy na sayar da su a kasuwar bakin teku, kusa da mai miyar taliya. Kasuwar na gab da rufewa saboda damina, shi ya sa ya fito neman shagon da zai karɓi kayansa.

Skevos gajeren tsoho ne mai gira kamar buroshi, ɗaya daga cikin Girkawan da suka cika garin tun zamanin kakanni. Ya sa hantsaki ya ɗaga maɗauri guda, kamar wanda ya tsinci tsutsa a abinci.

"Mene ne wannan?"

"Maɗaurin agogo ne, ranka ya daɗe. Saƙar nailan. Tsawonsa ɗaya ne, ta ƙarƙashin agogon yake bi ya ratsa fil biyun da ke riƙe maɗauri a jikin agogo. Ko fil ɗaya ya karye, ɗayan zai riƙe, agogo ba zai faɗi ba."

"A tsibirinmu da irin wannan ake ɗaure akuya."

"Akuyar ta taɓa tsinkewa?"

Aka yi dariya daga ƙuryar shagon. Wata yarinya ce a teburin aiki, ta ɗago kai, gilashin ƙara girma maƙale a idonta na dama. Marubuta sun ɓata takarda mai yawa a kan kallon farko, idanu kamar taurari, idanu kamar na barewa. Abin da Darcy ya gani ido ɗaya ne, ƙato kamar dafaffen ƙwai, yana kallonsa ba ƙiftawa. Shi ke nan, ya ishe shi.

"Themelina, koma kan aikinki," in ji tsohon. "Kai kuma ga ƙofa can. Ba ta nailan ba ce, amma tana aiki."

Da yamma saƙo ya shigo wayarsa daga lambar da bai sani ba.

"Ka manta akuyarka ɗaya a kan kanta. Ruwan toka mai ratsin ja. Lambarka na jikin takardarta."

"Ba mantawa na yi ba. Da wa nake magana?"

"Mai ido ɗaya."

"Gwada ta a hannunki, Mujiyata."

"Daga saƙo uku har na zama taka? Na gwada. Ta dace da tsohon agogon sojan da nake ɗaurawa. Kada kai ya kumbura, Mai Igiya."

Daga nan suka fara haɗuwa da rana, lokacin da tsohon ke barcinsa na bayan abinci. Su zauna a inuwa kusa da tashar jiragen ruwa, ta zazzage jakarsa a kan benci tana yanke hukunci.

"Agogon masu nutso, agogon soja, na matuƙin jirgi, duk wanda aka ƙera don ya sha wahala, nailan na yi masa kyau. Amma siririn agogon zinare na zuwa biki? Ka sa masa wannan mai ruwan lemo, kamar ka sa wa amarya takalmin shiga taɓo ne."

"Ni wane iri ne a ciki?"

"Kai? Agogon banza mai maɗauri mai kyau."

"Amma kina duba ni sau nawa a rana?"

"Don in ga ko ka tsaya ne."

Kafin Disamba Darcy ya zauna ya rubuta abin da zai faɗa mata ranar da zai nemi aurenta. Layi goma sha ɗaya ya fara. Ya karanta da ƙarfi, kunya ta kama shi, ya rage zuwa huɗu, daga baya zuwa ɗaya. Ya ninke takardar ya sa a aljihu yana jiran lokacin da ya dace, abin da bai taɓa zuwar wa kowa ba.

Wata Lahadi Themelina ta matsa wa ubanta har ya yarda a gayyato shi cin abincin rana. Darcy ya tarar da wani a kujerar da ke kusa da ita: Sakis, ɗan wani mai kamfanin gine-gine da ke abota da Skevos tun ƙuruciya. Yana da fararen haƙora, da agogon zinare mai faɗin murfin gwangwani, da ra'ayi a kan komai.

Akwai kuma wari a teburin, ba na gasasshen ragon ba. Daga hannun hagun Skevos yake fitowa. Agogon kansa kyakkyawa ne, tsoho, mai farar fuska. Maɗaurin ne ya yi baƙi ƙirin, ya tsattsage, ya jiƙe da gumin shekaru. Duk titin an san warin, ba wanda ya taɓa ji a gaban mai shi.

Sakis ya ajiye ƙaramin akwati. "Ga tsaraba, Kawu. Maɗaurin agogo ne. Fatar kada ce, daga gonar kiwon kada, wadda ta fi kowace. Irinta ce a hannuna."

Skevos ya yi godiya, ya ture akwatin gefe bai buɗe ba.

Da Darcy ya ci abincinsa ya yi shiru, da labarin ya fi haka gajarta. Amma mutum ne mai sana'a, idonsa na kan hannun tsohon tun da ya zauna.

"Baba, gaskiya fatar nan ta mutu. Fil na sama ma ya yi tsatsa, daga nan ina hango shi. Wata rana za ka ɗaga hannu ka ga babu agogo. Ga kuma warin..."

Cokula suka tsaya. Sakis ya yi murmushi da dukan haƙoransa.

"Themelina," in ji Skevos, "miƙa wa baƙo hularsa."

Kwana uku Themelina ba ta amsa saƙonnin Darcy ba.

"Mujiyata, ki yi magana, ko zagi ne ina so."

"Sakis na yawo yana cewa an karɓi kyautarsa. Shi ma an karɓe shi ke nan?"

A rana ta huɗu amsa ta zo.

"Kyautarsa na ƙarƙashin ƙafar teburin aikina, ta hana shi girgiɗi. Kai wawa ne. Mamata ce ta saya masa agogon. Ita ta ɗinke inda fatar ta yage, da shuɗin zare, wata ɗaya kafin ta rasu. Shekara shida ke nan."

"Ban sani ba."

"Da ka tambaya."

Mutumin da matarsa ta mutu ba manyan abubuwa yake riƙewa ba. Gida zai iya sayarwa, mota zai iya kyautarwa. Amma a taɓa tsohon soson wanke-wankenta a ga tashin hankali. Masu mata a raye suna kiran wannan taurin kai. Su ma ranarsu na nan tafe.

Bayan awa ɗaya wani saƙon ya biyo.

"Abin haushin, gaskiya ka faɗa. Duk ranar da ya fita kamun kifi gabana faɗuwa yake. Fil ɗin ya manne da fatar, in na cire shi za ta ruguje. In agogon nan ya faɗa ruwa, Babana ma ya faɗa."

Darcy ya karanta saƙon. Ya rubuta: "Yana cire shi kuwa?"

"Sau ɗaya a shekara, a Janairu, in sa masa mai. Ya ba ni da safe ya karɓa da yamma, yana zagaye ni kamar mai mata a ɗakin haihuwa."

"A bana ki ce aikin na buƙatar shiru, ki kulle ƙofa. Ki ba ni awa biyar."

Ranar ta zo. Ta miƙo masa agogon ta tagar baya a cikin hankici. Ya zauna a bayan motarsa, ruwan sama na dukan rufin, ya zaɓi nailan mafi siranta, ruwan ƙasa. Bai cire komai ba. Ya shimfiɗa shi a cikin fatar, daga wannan kai ya bi ta ƙarƙashin agogon zuwa wancan, ya ɗinke a hankali yana riƙe numfashi, rabi don tsoro, rabi don wari. Sau tara allura ta soke shi.

"In ya gane fa?" ya tambaye ta ta taga.

"Sai ka gudu tsibirin Timor wajen dangin kakarka."

"Ban taɓa zuwa ba."

"Za ka saba."

Da yamma Skevos ya karɓi agogonsa, ya ɗaura, ya dubi na bango. "Ya yi latti da daƙiƙa biyu," ya ce. Bai sake ambaton sunan Darcy ba har damina ta yi nisa.

A ƙarshen Maris ruwa ya ɗauke, fadamu suka fara zuba cikin koguna, kifin baramandi ya fito cin abinci, rabin mazan garin suka kamu da ciwon da ke hana zuwa aiki. Skevos ya shirya kwalekwalensa na alminiyon, ya gayyaci Sakis. Themelina ta ce in ba Darcy, ita ma ba ta, kuma ita ce mai tuƙin injin. Haka su huɗu suka tsinci kansu a wani rafi mai ruwan taɓo, Sakis da fararen takalma, wani kada kwance a gaɓa yana kallonsu kamar mai jiran a kawo masa oda.

Wajen hantsi igiyar ƙugiyar Skevos ta miƙe. Kifi ne babba. Ya yi tsalle, ya girgiza kai, ya nutse ƙarƙashin jirgin. Tsohon ya duƙa ya bi shi, wuyan hannunsa ya bugi bakin ƙarfe. Aka ji ƙas.

Fil ɗin sama ya tafi. Agogon ya wuntsula, ya yi lilo a kan ruwan, daidai wajen da kadan ya sulale ya shiga minti ɗaya da ya wuce. Ya yi lilo sau biyu. Bai faɗi ba.

Kifin ya tsinke ya yi gaba, ba wanda ya kula.

"Ka gani, Kawu?" in ji Sakis. "Fatar da ke nan, ta gaske! Ba irin tarkacen robar da ake tallarsa yanzu ba."

"Sakis, ɗan abokina, rufe mana baki."

Tsohon ya zauna. Ya kwance maɗaurin, ya juya cikinsa. Darcy ya fara auna nisan gaɓa, da nisan kada.

"Tun ranar da ta miƙo min na gani," in ji Skevos. "Shekara arba'in da ɗaya ina wannan aiki, kuna zaton za a ɗaura min igiyar akuya a hannu ban ji ba? Ɗinkin ma a karkace."

"To me ya hana ka cirewa, Baba?" Themelina ta tambaya.

Ya shafa shuɗin zaren da babban yatsa.

"Ɗinkin yaron bai taɓa na uwarki ba. Zagaye shi ya yi."

Darcy ya ji lokacin da ya dace ya iso. Ya miƙe tsaye, hannu a aljihu, jirgin ya karkata.

"Baba, akwai wata magana da na daɗe ina..."

"Zauna kafin ka ciyar da kada. Ɗaurin aure bayan bikin Ista ne, cikin watan Yuni. Na riga na yi wa fadan cocinmu magana."

"Yaushe?"

"Tun Janairu."

Darcy ya juya wajenta. "Themelina, ni ai ko tambayarki ban..."

"Na yarda. Ɗaga ƙafarka, ka taka min igiya."

Sakis ya ce rana ta yi masa yawa, ko za a iya komawa. Aka koma. A hanya Skevos ya riƙe agogon a tafin hannu kamar ɗan tsako, yana yi wa Darcy bayanin yadda mutanen kirki ke riƙe allura.

Darcy bai karaya ba. Ya ce a ransa ai akwai coci, a can dole a tsaya a saurare shi. A cocinsu na Katolika ya ga ana tambayar ango, ana tambayar amarya, kowa ya faɗi nasa. Ba wanda ya gaya masa cewa a cocin Girkawa ba a tambayar kowa komai. An ɗauka tunda ka zo, ka yarda. Fada ya yi waƙa, aka ɗora musu kambi biyu haɗe da farin kintinkiri, aka ba su ruwan inabi a kofi ɗaya, aka zagaya teburi da su sau uku, dangi na jifansu da shinkafa kamar da gayya. Duk sanda ya buɗe baki, sai wata goggo ta ce shhh.

A wajen walima Skevos ya miƙe da kofi a hannu. Agogon na wuyan hannunsa, da sabon fil a sama, da tsohuwar fata, da nailan a ƙarƙashi. Warin ya ragu, bai tafi ba.

"Ku rayu," ya ce. "Ku haifa, ku yi faɗa, ku shirya kafin abinci ya huce. Ku tsufa tare. Duk wanda ya riga ɗan'uwansa tafiya a cikinku, bai kyauta ba."

Aka ce amin da harsuna uku.

Yanzu a shagon akwai ƙusoshi shida a bayan ƙofa, an rataye maɗauran nailan kala-kala. In mai saye ya tambaya, Skevos kan nuna da haɓa ya ce, "Na akuya suna can," sannan ya zaɓa masa wanda ya dace da agogonsa, ba ya kuskure.

Takardar kuwa tana nan a aljihun kwat ɗin biki. Gumi ya cinye rabin tawadar, amma ana iya karantawa. Layi ɗaya ne, wanda har yau ba a ba Darcy Amaral dama ya faɗa ba:

"Themelina, za ki aure ni?"