Ragon Sunan Zarkum

Tun ranar da ɗiyata Safara'u ta fara raɗa wa zane-zanenta suna na san ba za a ƙare lafiya ba. Labarin mutanen wata duniyar sama take zanawa tana sakawa a intanet. Akwai guda mai baki a wuya, ta sa masa Zarkum.

Na ce, "Ke, abin da ba a haifa ba, ba a raɗa mai suna." Ta yi dariya.

Kwana bakwai bayan nan ina dawowa daga Aliero bisa babur bayan isha'i, wani mai rawani ya roƙi in rage masa hanya zuwa Jega. Muna tafiya warin ruɓaɓɓiyar albasa ya cika mini hanci, wani abu mai yauƙi yana jiƙa mini bayan riga.

Ya ce, "Baban Safara'u, yau bakwai, ba a yanka min komi ba. In babu rago, sai in amsa wajen ɗiyarka."

Na waiwaya. Leɓunansa a rufe suke, rawanin wuyansa ne ke motsi yana ɗigar da miyau.

Da safe na yanka rago. Har yau ban san sauran nawa ta raɗa wa suna ba.