Ranar da Ƙaho Ya Ji Kunya

Ku matso, yara, wanda ya taɓa yi wa zaki aski ba ya ƙarya!

An yi wani wanzami mai cika baki. In kanka ke ciwo, ƙaho zai kafa maka. In bayanka ne, ƙaho dai.

Ran nan suna hira da amininsa, sai bakin aminin ya karkace, hannu ɗaya ya saki, harshe ya sarƙe.

Jama'a suka ce, "Iska ce! Kafa masa ƙaho, a ɗura masa ruwa!"

Wanzami ya ce, "Wannan shanyewar jiki ce, ta fi ƙarfina. Kada a ba shi komai, zai shaƙe. Ku kwantar da shi ta gefe, mu nemo mota, sai asibiti!"

Aka kai aminin asibiti, bayan jinya ya tashi garau. Mutanen gari suka dinga tsokana: "Sarkin aska, ƙaho ya ji kunya!"

Ya ce, "Gara shi ya ji kunya da in zauna karɓar gaisuwa."

Ƙurunƙus, ku ba ni gorona!